Tirtha: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kalmar Sanskirit Mai Fuskoki da Yawa

Duk mai bibiyar tarihin Indiya, ko ba jima ko ba daɗe, zai ci karo da kalmar tirtha. A wani shafin sunan wurin wanka ce a bakin kogin Ganga, a wani kuma sunan babban ma'aikacin fada, in ka buɗe littattafan addinin Jain sai ka tarar ana kiran al'umma guda da ita. Ga amsoshin tambayoyin da kalmar ke jawowa.

Mene ne asalin ma'anarta?

Mashigi. Wato wurin da ruwan kogi ba shi da zurfi, inda mutum zai tattare rigarsa ya ƙetare da ƙafa, ya kora dabbobinsa su bi shi. Ta fito daga wani tushe na Sanskirit, tsohon harshen adabi da addini na Indiya, mai ma'anar ƙetarewa, kuma daga wannan tushen ne aka samo avatara, saukowar abin bauta zuwa duniya a aƙidar Hindu. A Rigveda, mafi daɗewar waƙoƙin addini na Indiya, tirtha ba ta wuce mashigi ko magangarar da ake bi zuwa ruwa ba. A harsunan Prakrit, waɗanda aka rubuta tsofaffin littattafan Jainawa da su, ana cewa tittha. Bahinde na yau yana cewa tirth.

Sai mutum ya tuna yadda daminar Indiya take, daga Yuni zuwa Satumba, da irin ambaliyar da Ganga da Yamuna ke yi, kafin ya gane nauyin mashigi a wannan ƙasa. Ta nan fatake ke bi, ta nan runduna ke tsallakewa, a nan mai karɓar haraji ke kafa rumfa. Duk sauran ma'anonin daga nan suka yi rassa.

Yaya aka yi mashigi ya zama wuri mai tsarki?

A wajen 'yan Hindu, wanka a ruwa mai gudu yana wanke zunubi, kuma akwai wuraren da suke ganin tazarar da ke tsakanin wannan duniya da ta sama ta fi gajarta. Sai ƙetare kogi ya zama ƙetare samsara, wato kewayen mutuwa da sake haihuwa wanda addinan Indiya ke ɗauka a matsayin babban kurkukun rai. Tafiya zuwa irin waɗannan wurare ita ce tirtha-yatra. A cikin Mahabharata, doguwar waƙar almara ta 'yan Hindu, akwai dogon sashe da ba abin da yake yi sai jero su da ladan kowane.

Banaras da Gaya da Haridwar da Pushkar duk tirtha ne. Prayag, inda Ganga da Yamuna suka haɗu, ita ake wa kirari da Tirtharaja, sarkin mashigai. Ita ce birnin da aka sani da Allahabad har zuwa 2018 da aka mayar da sunanta Prayagraj, kuma a can aka yi babban taron Kumbh Mela a Janairu da Fabrairun 2025. Da tafiya ta yi tafiya sai ruwan ma ya daina zama sharaɗi, aka riƙa kiran tsauni ko daji ko haikali da tirtha.

Su wane ne Jainawa, a taƙaice?

Mabiya wani tsohon addini ne na Indiya da ba ya karɓar littattafan Veda, tsofaffin nassoshin 'yan Hindu. Sunansu daga Jina ne, wanda ya yi nasara, ana nufin nasara a kan son zuciya. Ƙidayar 2011 ta ce sun kai kusan miliyan 4.5, wato kashi 0.4 cikin ɗari na mutanen ƙasar, galibi a jihohin Maharashtra da Rajasthan da Gujarat da Madhya Pradesh da Karnataka. Babban ginshiƙinsu ahimsa, ƙin cutar da duk wani mai rai. Sun rabu gida biyu: Shvetambara, waɗanda masu gudun duniyarsu ke sa farin tufa, da Digambara, waɗanda manyan masu gudun duniyarsu maza ba sa sa komai.

To su me suke nufi da tirtha?

A nan ne kalmar ta yi juyin da ya fi kowane girma. A tunanin Jainawa, tirtha a ma'anarta ta farko mutane ne. Al'umma ce mai rukuni huɗu: sadhu, maza masu gudun duniya, sadhvi, mata masu gudun duniya, shravaka, magidanta maza, da shravika, matan da ke zaman gida. A wani tsohon littafin Shvetambara mai suna Bhagavati Sutra, babban almajiri Gautama ya tambayi malaminsa Mahavira, na ƙarshe a jerin manyan malaman Jainawa, shin mece ce tirtha, malamin ne ko kuwa wani abu dabam? Amsar da aka ba shi ita ce malami mai kafa tirtha ne, amma tirtha kanta al'ummar nan ce mai kusurwa huɗu. Har ma al'adar Shvetambara na cewa kafin malamin ya fara wa'azi a babban zauren da ake kira samavasarana, sai ya fara gai da tirtha. Wanda ya kafa abu yana rusuna wa abin da ya kafa ke nan.

Hikimar ita ce: in samsara kogi ne mai ambaliya, abin da zai ƙetarar da mutum shi ne koyarwa da kuma mutanen da ke raye a kanta. Shi ya sa wasu malamansu ke kiran koyarwar kanta tirtha. Samantabhadra, wani malamin Digambara na farkon ƙarnonin Miladiyya, ya kira tafarkin Mahavira sarvodaya tirtha, mashigin ɗaukakar kowa da kowa. Kalmar sarvodaya ɗin nan ce Mahatma Gandhi ya shahara da ita daga 1908, a fagen siyasa da gyaran al'umma.

Abin lura a rabon nan shi ne magidanta suna ciki, ba 'yan kallo ba ne. Sadhu ba ya dafa abinci, ba ya taɓa kuɗi, ba ya shiga mota, saboda haka kullum sai ya tsaya a ƙofar wani gida. Magidanci kuma yana ɗaukar ƙananan alkawura irin na sadhu, sai dai an sassauta masa. Wasu masana tarihi na ganin wannan ƙullin ne ya sa addinin Jain ya rayu a Indiya, alhali addinin Buddha, wanda ya fi dogaro da manyan gidajen zuhudu da tallafin sarakuna, ya kusa ɓacewa daga ƙasar haihuwarsa wajen ƙarni na 13. Ba shi kaɗai ne dalili ba, amma ni dai ina ganin yana da ƙarfi.

Mata ma ba a gefe suke ba. Lissafin da al'adarsu ta adana ya ce lokacin mutuwar Mahavira akwai sadhu 14,000 da sadhvi 36,000, magidanta maza 159,000, mata 318,000. Ba wanda zai ɗauki waɗannan a matsayin ƙidaya irin ta zamani, amma dubi yadda a kowane ɓangare mata suka ninka maza. Rubuce-rubucen da aka tono a Mathura, na kusan shekara dubu biyu da suka wuce, cike suke da sunayen matan da suka ba da kyautar mutum-mutumi, kuma har yau a cikin Shvetambara sadhvi sun fi sadhu yawa nesa ba kusa ba.

Tirthankara fa? Daidai ne a ce masa annabi?

Ba daidai ba ne, ko da yake za ka ga wasu na fassara shi haka don sauƙi. Annabi aiko shi ake yi, yana ɗauke da saƙo daga Allah. Jainawa kuwa ba su yi imani da Mahalicci ba, a wajensu duniya ba ta da farko ba ta da ƙarshe, don haka babu mai aike. Tirthankara na nufin mai kafa mashigi: mutum ne da ya kai ga cikakken sani, kevala jnana, ta hanyar horar da kansa, sannan ya sake kafa al'ummar nan ta huɗu bayan ta shuɗe.

Suna lissafa 24 a kowane rabin zagayen zamani. Na farko Rishabha, na 22 Neminatha, na 23 Parshvanatha, na ƙarshe Mahavira. Al'adar Shvetambara ta ce Mahavira ya rayu daga 599 zuwa 527 kafin Miladiyya, masana tarihi da dama kuma na matso da shi kusan shekara ɗari, domin ya yi zamani da Buddha. Shi da Parshvanatha ne kaɗai masana ke ɗauka a matsayin mutanen da tarihi zai iya kamawa. Na 19, Malli, Shvetambara sun ce mace ce, Digambara sun ce sam, namiji ne, don a ganinsu rai ba ya kuɓuta daga samsara yana cikin jikin mace.

Ba kowane wanda ya kuɓuta ne Tirthankara ba. Dubbai sun kai ga cikakken sani a lissafinsu ba tare da sun kafa komai ba. Matsayin sai wanda ya tara wata irin karma ta musamman, wato sakamakon ayyuka da ke bin rai, a rayuwarsa ta baya. Digambara na lissafa halaye 16 da ke jawo ta, Shvetambara 20. Kuma da zarar Tirthankara ya mutu ya kuɓuta, ba ya jin roƙo, ba ya biyan buƙata. Mai tsayawa gaban siffarsa, a ƙa'ida, yana tuna wa kansa abin da yake son ya zama ne.

Me ya sa ba su yarda da wankan kogi ba?

Saboda yadda suka fahimci karma. A wajensu karma wani abu ne na zahiri, ƙura mai laushi ƙwarai da ke manne wa rai duk lokacin da fushi ko kwaɗayi ko girman kai ko yaudara suka jiƙa shi. Ruwa bai isa wurin ba. Azumi da kame kai ne ke ƙone ta. Sutrakritanga, ɗaya daga tsofaffin littattafansu, ya yi wa masu wanka ba'a da cewa da ruwa na kai mutum ga tsira, da kifaye da kunkuru sun riga kowa. A wani littafin kuma, da Brahmanawa, malaman addinin Hindu, suka tambayi wani sadhu ɗan ƙasƙantaccen gida mai suna Harikesha ina tafkinsa, ina wurin wankansa, sai ya ce gaskiyar addini ce tafkinsa, kame kai daga sha'awa ne mashiginsa.

Akwai dalili na biyu. Ruwa kansa, a aƙidarsu, cike yake da rayuka masu gaɓar ji guda ɗaya, ban da ƙananan halittun da ke iyo a ciki. Faɗawa kogi da sunan ibada kisa ne. Shi ya sa sadhu ba ya wanka irin na kowa, kuma ruwan da aka tace aka tafasa yake sha.

In haka ne, me ya kawo wuraren ziyara irin su Palitana?

Tambayar da ta fi daɗi ke nan, don a fili akwai alamar tufka da warwara. Mutanen da suka cire kalmar daga wuri suka ɗora ta a kan jama'a, su ne kuma suka gina wasu daga wuraren ziyara mafi ƙayatarwa a Indiya. Malamansu sun warware abin da rabo biyu: jangama tirtha, mashigi mai tafiya, wato sadhu da sadhvi, da sthavara tirtha, mashigi tsayayye, wato wuri. Darajar wurin ba daga ƙasarsa ko ruwansa take ba, daga abin da ya faru a can ne. Kuma in ka lura, manyan wurarensu kusan duk a kan duwatsu suke. Ibadar ita ce wahalar hawan.

Mafi girma shi ne Sammed Shikharji, dutsen Parasnath a jihar Jharkhand, mai tsawon kusan mita 1,350, inda suka ce 20 daga cikin 24 suka kuɓuta. Daga garin Madhuban da ke gindinsa, hawa da kewaye da sauka kusan kilomita 27 ne, kuma mutane kan tashi tun cikin dare su yi shi a yini ɗaya, da yawa ba takalmi. Sauran huɗun: Rishabha a Ashtapada, wanda ake dangantawa da tsaunin Kailash, Vasupujya a Champapuri, Neminatha a Girnar ta Gujarat, Mahavira a Pavapuri ta Bihar, inda aka gina masa farin haikali a tsakiyar tafki. Daren mutuwarsa ne Jainawa ke tunawa a bikin Diwali.

Shatrunjaya, dutsen da ke kan garin Palitana a Gujarat, shi ne zuciyar Shvetambara. Haikali sun haura 800 a kansa, ana hawa matakala fiye da 3,000. Ba mai kwana a sama, har masu hidimar bauta sukan sauko kafin dare, kuma a watanni huɗu na damina ana dakatar da hawa don kada a tattake ƙwari da tsirrai. Akwai masu ɗaukar alkawarin hawa sau 99. A kudu, Digambara na da Shravanabelagola a Karnataka, inda waziri Chamundaraya ya sa aka sassaƙa siffar Bahubali daga dutse guda wajen shekarar 981, tsawonta kusan mita 17. Duk bayan shekara 12 ake kwarara mata madara da ruwan rake da garin kurkur daga sama, na baya-bayan nan a 2018. Bahubali kuwa ba ya cikin 24, ɗan Rishabha ne.

Ziyarar ta haifi wani muƙami. Attajirin da ya ɗauki nauyin ayarin masu ziyara, ci da sha da masu gadi duka, ana kiran sa sanghapati. 'Yan'uwan nan biyu, Vastupala da Tejapala, waziran Gujarat a ƙarni na 13, sun yi suna a kan haka, kuma haikalin Luna Vasahi na dutsen Abu, na wajen 1230, aikin gidansu ne. Sunan iyali Sanghvi ko Singhvi da ake ji yau daga wannan muƙami ya samo asali.

Duk Jainawa ne ke zuwa waɗannan wurare?

A'a. A ƙarni na 15 wani magatakarda a Gujarat, Lonka Shah, ya ce bai ga hujjar bauta wa siffofi a tsofaffin littattafai ba, kuma fasa dutse da tsinke fure don haikali kashe rai ne. Daga tunaninsa aka samu Sthanakvasi, daga cikinsu kuma Terapanth ta ɓalle a 1760. Su ziyararsu zuwa wajen malami rayayye ce, duk garin da damina ta tsare shi. Za a iya cewa su suka fi riƙe ma'anar farko.

Tirtha na iya ƙarewa?

A lissafinsu, ƙwarai. Suna kallon zamani kamar ƙafar keke mai hawa da sauka, kowane rabi kashi shida. Yanzu muna kashi na biyar na gangara, mai tsawon shekara 21,000, wanda ya fara jim kaɗan bayan mutuwar Mahavira. A cikinsa ba mai kuɓuta daga wannan yanki na duniya. In ya ƙare, sadhu na ƙarshe da sadhvi ta ƙarshe da magidanta biyu na ƙarshe za su mutu, tirtha ta yanke, sai zamani ya juyo wani ya sake kafa ta. Har sun san wanda zai fara: ran sarki Shrenika na Magadha, wanda tarihi ya sani da Bimbisara. Ba kasafai ake samun addinin da ya sa wa kansa ranar ƙarewa ba.

Na ga an ce sarki yana da tirtha 18. Wannan kuma fa?

Wannan ma'anar siyasa ce, ba ruwanta da ibada. Arthashastra, littafin dabarun mulki da ake jingina wa Kautilya, yana kiran manyan ma'aikatan daula da tirtha, su 18. Akwai mantri, purohita, senapati da yuvaraja, waɗanda a fadar Hausa za mu ce waziri da limamin fada da madawaki da yarima mai jiran gado. Sai mai tsaron ƙofar fada, shugaban masu gadin cikin gida, babban mai tara haraji, ma'aji, mai kula da ma'adinai da masana'antu, shugaban ganuwa, mai tsaron iyaka, da mai kula da mutanen daji. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne ta kansu ake bi a kai ga sarki ko ga dukiyarsa.

Abin dariyar shi ne inda aka kawo jerin: a babin 'yan leƙen asiri. Shawarar ita ce sarki ya dasa wa kowannensu mai sa ido, daga mai dafa abinci zuwa wanzami zuwa mai riƙe laima. A Mahabharata da 'yar'uwarta Ramayana ma an tambayi sarki ko yana bibiyar 18 na maƙiyi da 15 na gida, kowane da 'yan leƙen asiri uku da ba su san juna ba. Ukun da aka ɗauke wa a gida su ne waziri da limami da yarima. Littafin Arthashastra ya daɗe da ɓacewa sai a 1905 wani ma'aikacin ɗakin karatu a Mysore, Shamasastry, ya gane shi a cikin rubutun ganyen giginya, ya buga a 1909. Al'ada na danganta shi da daular Maurya ta ƙarni na 4 kafin Miladiyya, amma masana da yawa na ganin rubutun da ke hannu ya biyo bayan haka da ƙarnoni.

Me ya sa a littattafan Buddha kalmar ke kama da zagi?

Domin a can titthiya, ko tirthika, na nufin ɗan wata ƙungiya, wanda ba namu ba, mai bin ɓataccen mashigi. Littattafan Pali, harshen tsofaffin nassoshin addinin Buddha, sun ambaci malamai shida da suka yi gogayya da Buddha, suna kiran kowannensu titthakara. Ɗaya daga cikinsu, Nigantha Nataputta, shi ne Mahavira. Laƙabin da Jainawa ke ɗauka mafi girma a duniya, a bakin maƙwabtansu sunan shugaban 'yan bidi'a ne. Amfanin wannan ga mai tarihi babba ne: shaida ce daga bakin abokin hamayya cewa mutumin ya rayu, kuma a wancan zamani kalmar ta kowa ce, duk mai almajirai ana iya kiran sa da ita.

Yaya sarakunan Musulmi na Indiya suka yi da waɗannan wurare?

Labarin gauraye yake, duk wanda ya ba ka rabi ya cuce ka. Tun wajen 1030 Al-Biruni ya rubuta game da ziyarar 'yan Hindu, ya ce ba wajibi ba ce a kansu, aikin lada ne na ganin dama. Wannan kaɗai ya isa ya nuna fassara tirtha-yatra da hajji ba ta zauna ba, ga kuma wuraren ɗaruruwa ne, ba ɗaya ba.

An yi rushe-rushe. A farkon ƙarni na 14 rundunar Delhi ta zamanin Alauddin Khalji ta ɓarnata haikalin Shatrunjaya. Bayan 'yan shekaru wani attajiri, Samara Shah, ya gyara shi da izinin gwamnan Musulmi na Gujarat. Sannan ga Jinaprabha Suri, malamin Jain da ya samu shiga fadar Muhammad bin Tughluq daga 1328, ya karɓo takardun kariya ga masu ziyara, har aka mayar masa da wata siffar Mahavira da aka ƙwace. Shi ya tattara Vividha Tirtha Kalpa, bayanin wuraren ziyarar Jainawa da masana tarihi ke dogaro da shi har gobe. A fadar wannan sarkin ne Ibn Battuta ya yi alƙalanci daga 1334, mutumin da daga baya ya biyo ta Takedda ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa.

Akbar ya soke harajin masu ziyara a 1563, ya soke jiziya a 1564. A farkon shekarun 1580 ya gayyaci Hiravijaya Suri daga Gujarat, dattijon ya taka da ƙafa har Fatehpur Sikri, tunda sadhu ba ya hawa abin hawa. Sakamakon haka aka hana yanka dabbobi a kwanakin bikin Paryushana, aka kuma yafe kuɗin da ake karɓa a hannun masu hawa Shatrunjaya. Aurangzeb ya dawo da jiziya a 1679.

Kada a ɗauka harajin ziyara abin Musulmi ne kawai. Kamfanin Turawan Ingila ya ci kuɗinsa a Gaya da Prayag da Puri har 1840, da 'yan mishan suka matsa cewa gwamnatin Kirista na cin ribar bautar gumaka. Sarkin Palitana, wanda Bahinde ne, ya yi ta jayayya da Jainawa kan kuɗin hawa dutsen, har suka ƙaurace wa ziyarar baki ɗaya daga 1926 zuwa 1928.

Yau wa ke da iko da su?

Galibi kwamitocin amintattu na 'yan kasuwa, irin su Anandji Kalyanji da ke Ahmedabad, mai kula da Shatrunjaya. Rigima kuwa ba ta ƙarewa. Shvetambara da Digambara sun shafe fiye da shekara ɗari suna kai juna kotu a kan wasu wurare, wani lokacin a kan ko a sa wa siffa ido na gilashi da ado ko a bar ta tsirara. A ƙololuwar Girnar kuma da 'yan Hindu ake ja, su suna cewa sawun da ke can na abin bautarsu Dattatreya ne, Jainawa na cewa na Neminatha.

Na Shikharji ya fi sarƙaƙiya. A ƙarshen 2022 Jainawa suka fito zanga-zanga a birane da dama kan shirin mayar da dutsen wurin yawon buɗe ido, suna tsoron nama da giya za su biyo baya. Wani sadhu ya mutu a Jaipur yana azumin ƙin amincewa, kuma a Janairun 2023 gwamnatin tarayya ta dakatar da shirin. Nan take ƙabilar Santal suka ce ba su yarda ba: dutsen nasu ne, sunansa Marang Buru, shi ne babban abin bautarsu, kuma farautar shekara-shekara a dajinsa ibadarsu ce. Ga masu gudun taka tururuwa, ga masu farautar ibada, a dutse ɗaya. Matalautan yankin ne kuma ke ɗaukar tsofaffin masu ziyara a kan kujerar kafaɗa zuwa sama.

Ina kuma ake cin karo da kalmar?

A sunayen mutane. Tirtha na cikin laƙabi goma na masu gudun duniya na Hindu da ake dangantawa da malamin falsafa Shankara, tare da Giri da Puri da Bharati da Sarasvati. Malamin falsafa Madhva na ƙarni na 13 sunansa na zuhudu Ananda Tirtha, magadansa kuma irin su Jayatirtha da Vyasatirtha suka ci gaba da shi. Malami ma tirtha ne: abokin karatunka a gaban malami ɗaya satirthya, ɗalibin da ba ya zama wuri ɗaya kuwa masana nahawu sun kira shi tirthakaka, hankakan mashigi. A kudancin Indiya tirtham shi ne ɗan ruwan da mai hidimar haikali ke zuba wa mutum a tafin hannu. Kalmar ta ƙetare teku zuwa Indonesiya, inda tirta ke nufin ruwa, har mutanen Bali kan kira addininsu Agama Tirta.

Wanda ba Bajaine ba zai iya zuwa?

A mafi yawan manyan wuraren, irin su Palitana da Ranakpur da Abu da Shravanabelagola, ana barin baƙi su shiga, wasu a sa'o'in da aka keɓe. Sharuɗɗan su ne a cire takalmi, a ajiye duk abin da aka yi da fata, har bel da walat, a sa tufa mai rufe jiki, kuma ba a taɓa siffofin. A Shatrunjaya ba a hawa da abinci. Wasu wuraren na hana ɗaukar hoto a ciki. Garin Palitana kansa an taƙaita yanka da sayar da nama da ƙwai a cikinsa tun 2014, bayan wani azumin gama-gari da sadhu suka yi, matakin da mahauta da sauran masu cin nama na garin, Musulmi da wasunsu, suka ƙalubalanta a kotu.